Shin ƙananan RNA ne suke lalata ƙodar mai ciwon sukari?

Ɗalibar Kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina aji uku a fannin kimiyyar sinadaran jiki, kuma tambayata ta haɗa karatu da abin da yake faruwa a gidanmu. Mahaifina yana fama da ciwon sukari shekara 14 ke nan, yana shan magungunansa ba ya wasa da su, kuma a 'yan shekarun nan awon sukarinsa yana fitowa daidai gwargwado. A watan da ya wuce ne ya faɗa wa babban yayanmu cewa fitsarinsa yana yin kumfar da ba ta kwanciya, ni kuma na lura cewa idan ya cire safa da yamma sai ta bar masa zobe a sama da idon sawu, wanda yakan daɗe bai baje ba. Da aka kai shi asibiti aka auna fitsarin, sai aka ce furotin yana zuba, kuma ƙodar ta fara taɓuwa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, a duk shekarun da yake zuwa ganin likita a asibitin da yake zuwa, jini kawai ake ɗiba a duba sukari, ba a taɓa cewa ya kawo fitsari ba.

Da na shiga neman bayani sai na yi ta cin karo da maganar maikro-RNA, wato wasu ƙananan zarurrukan RNA da ake cewa suna da hannu wajen illata ƙwayoyin halittar ƙoda. A aji an ambace su ne a layi biyu aka wuce. Ina roƙon masana su yi mini bayanin yadda abu ƙarami haka yake iya lalata ƙoda, da kuma dalilin da ya sa cutar ta ci gaba alhali sukarin Baba ya sauka. Sannan ina so in sani ko akwai awon maikro-RNA ko maganinsa da za mu iya nema masa, ko da kuwa sai an fita waje, domin 'yan'uwa a shirye suke su haɗa abin da ya sawwaƙa.

Malamin Sinadaran Jiki ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗalibata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Zan ɗauki ɓangaren farko na tambayarki, in bar maganar magani ga likitocin da suke tare da mu.

Kin san cewa ƙwayar halitta ba ta ƙera furotin kai tsaye daga DNA, sai ta kwafi saƙon a cikin RNA ɗan aike, shi kuma ya kai shi inda ake ƙira. Maikro-RNA zare ne gajere, tsawonsa haruffa 22 ko kusa da haka, kuma shi ba a fassara shi zuwa furotin. Wasu sinadarai biyu, Drosha a cikin cibiyar ƙwayar da Dicer a wajenta, su ne suke yanke shi daga dogon zare, sannan a ɗora shi a kan furotin Argonaute, wanda yake riƙe da shi yana neman ɗan aiken da haruffansa suka dace da nasa. Idan ya same shi sai ya manne a wutsiyarsa, daga nan ko dai a hana karanta saƙon ko a wargaza shi gaba ɗaya. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka fara bayyana maikro-RNA da yadda yake danne ɗan aike a 1993, a jikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, kuma shekaru da dama ana ɗaukar abin a matsayin wani baƙon hali na tsutsa kawai, har sai da ɗakin binciken Ruvkun ya gano maikro-RNA na biyu mai suna let-7 a 2000 aka kuma ga cewa yana jikin mutum. An ba su kyautar Nobel a 2024 saboda wannan aiki. Yanzu an san cewa mutum yana da irinsu fiye da 1,000, kuma guda ɗaya yana iya taɓa 'yan aike ɗaruruwa, ko da yake kowane ɗaya kaɗan yake rage shi.

Yanzu mu koma ƙoda. Kowace ƙoda tana da ƙananan matata kusan miliyan ɗaya, kuma a bakin kowace akwai wani ƙulli na siraran jijiyoyin jini da ake kira gulomerulus, inda ake tace jini, kuma a jimlace ƙodojin biyu suna tace ruwa kimanin lita 180 a kowace rana, jiki ya sake tsotse kusan dukkansa. Iri biyu na ƙwayoyi nake so ki riƙe. Akwai fodosayit, masu 'yan ƙafafu da suke rungume jijiyoyin daga waje suna sarƙe juna kamar yadda za ki sarƙe yatsun hannayenki biyu, kuma 'yar tazarar da ke tsakanin yatsun ita ce rariya ta ƙarshe da take hana furotin wucewa. Akwai kuma ƙwayoyin mesanjiyal da suke tsakiyar ƙullin suna tallafe shi. Idan sukari ya daɗe yana sama, ƙwayoyin mesanjiyal sukan kumbura su riƙa zubar da kolajin da fibronektin, wato furotin da suke haɗuwa su zama tabo, fiye da kima, har su matse jijiyoyin, su kuma fodosayit ƙafafunsu su baje, wasu su mutu, wasu su ɓalle su bi fitsari. Fodosayit ba ta rabuwa ta haifi wata kamar ƙwayar fata, don haka wadda ta tafi da wuya a cike gurbinta. Kumfar da Baba yake gani alamar rariyar da ta yage ce.

Hujja mai ƙarfi a kan muhimmancin maikro-RNA ga fodosayit ta fito ne a 2008, lokacin da ƙungiyoyin bincike uku, kowace a wurinta, suka cire Dicer daga fodosayit na ɓeraye kaɗai. Cikin makonni kaɗan da haihuwa ɓerayen suka fara zubar da furotin, ƙodarsu ta gaza. Wannan ya nuna cewa lafiyayyar fodosayit ma ba ta rayuwa sai da maikro-RNA, ke nan ba baƙi ba ne da ciwo ya kawo, 'yan gida ne da sukari yake rikita ma'auninsu.

Misalin da na fi so in koyar shi ne wani maikro-RNA mai suna miR-192, domin a kansa ake ganin sarƙar daga farko har ƙarshe. A 2007 Mitsuo Kato da Rama Natarajan da abokan aikinsu a cibiyar City of Hope da ke Kalifoniya suka nuna cewa sinadarin TGF-beta, wanda yawan sukari yake tayarwa kuma shi ne uban gayyar tabo a ƙoda, yana ƙara yawan miR-192 a ƙwayoyin mesanjiyal. Shi kuma miR-192 yana danne wani furotin da ake kira ZEB2, wanda aikinsa shi ne zama a kan ƙwayar gadon kolajin ya hana ta aiki. Idan aka kawar da mai gadin, sai kolajin ya yi ta kwarara. Bayan haka suka nuna cewa wannan hanya tana komawa ta ƙara TGF-beta ɗin kansa, har ta zama da'irar da take ciyar da kanta, sannan wasu biyu, miR-216a da miR-217, suna danne PTEN, wanda shi ne birkin girman ƙwaya, shi ya sa ƙwayoyin suke kumbura. A gefe guda kuma dangin miR-29, waɗanda aikinsu na yau da kullum shi ne rage kolajin, TGF-beta yana rage su. Wato ana buɗe famfo ne kuma ana cire toshiya a lokaci guda.

Game da ci gaban cutar bayan sukari ya sauka, wannan abu ne da aka tabbatar a jikin mutane. A babban binciken DCCT da aka yi a Amurka da Kanada a kan masu ciwon sukari nau'i na ɗaya su 1,441, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1993, an raba su rukuni biyu, kuma waɗanda aka tsananta wa kula da sukari tun farko sun ci gaba da samun ƙarancin ciwon ƙoda shekaru masu yawa bayan sukarin rukunonin biyu ya dawo daidai da juna. Jiki yana riƙe da tarihin shekarun baya. Masu bincike da yawa suna ganin cewa irin waccan da'ira ta miR-192, tare da alamomin da ake ɗorawa a kan DNA da furotin da yake naɗe shi, suna cikin abin da yake riƙe wannan tarihi, kuma ni ma na karkata ga wannan ra'ayi, sai dai har yanzu a ɓera da kwanon gwaji ne hujjar ta fi ƙarfi.

Mai Bincike a Ɗakin Gwaji ta amsa:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, bayaninka ya gamsar. Ina neman izini in ƙara abu ɗaya, domin ina gudun kada ƙanwarmu ta tashi da tunanin cewa miR-192 mugu ne kawai wanda da an kashe shi magana ta ƙare. A 2010 masu bincike a Kadif da ke Birtaniya suka duba ɗan naman ƙodar da aka ciro daga mutanen da ciwon sukari ya riga ya yi wa ƙodarsu nisa, sai suka tarar da akasin abin da aka gani a ɓera, wato miR-192 ya ragu, kuma gwargwadon raguwarsa gwargwadon yawan tabo da raunin tacewa. Su a ƙwayoyin bututun ƙoda, wato siraran bututun da ruwan da gulomerulus ya tace yake bi, suka fi mayar da hankali, inda TGF-beta yake rage shi maimakon ya ƙara shi. Duk da haka a 2012 aka toshe miR-192 a ɓeraye masu ciwon sukari aka ga tabo ya ragu. Duka sakamakon biyu gaskiya ne, bambancin yana ga irin ƙwayar da aka duba da kuma matakin da cutar ta kai.

Haka abin yake ga miR-21, wanda ya fi kowane shahara a maganar tabon ƙoda. An nuna a 2012 cewa yana danne hanyoyin da ƙwayoyin bututu suke ƙona kitse su sami ƙarfi, kuma toshe shi yana rage tabo a ɓera. Amma a 2015 wata ƙungiya ta nuna cewa ɓerayen da ba su da shi kwata-kwata gulomerulus ɗinsu ya fi lalacewa idan aka jefa su cikin ciwon sukari. Ko a cikin dangin miR-29 da Malam ya ambata a matsayin masu kariya, akwai miR-29c, wanda aka nuna a 2011 cewa yawan sukari yana ƙara shi a fodosayit har ya tura su ga mutuwa. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin duk wanda ya zo miki da jerin sunaye ya ce waɗannan masu kyau ne waɗannan munana, bai yi wa fannin adalci ba.

Game da awo kuwa, dalilin da ya sa ake sa rai a kansa shi ne ƙwayoyin ƙoda suna sakin wasu ƙananan jakunkuna cikin fitsari da maikro-RNA a ƙunshe, kuma jakar tana kare shi daga sinadaran da suke narkar da RNA. Da za a dace, da an karanta halin da fodosayit take ciki ba tare da an soka allura a ƙoda ba. Amma ni da nake wannan aiki da hannuna zan gaya miki wahalarsa. Fitsarin safe da na rana ba sa ba da adadi ɗaya, kuma har yau ba a daidaita a kan ma'aunin da za a riƙa gwada sakamakon da shi ba. Idan jini ne, da zarar jajayen ƙwayoyi sun ɗan fashe a cikin kwalba, ruwan ya yi ja-ja-ja ko da kaɗan ne, sai miR-451 da miR-16 da suke cike a cikinsu su kwararo su gurɓata lissafin. Na taɓa rasa samfur na wata huɗu saboda firizar da ya kamata ta tsaya a digiri 80 ƙasa da sifili ta mutu a ƙarshen mako, na zo ranar Litinin na tarar da ruwa a ƙasan akwatunan, takardun da na manna wa kwalaben sun jiƙe sun saɓule. Babu wani awon maikro-RNA da ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda suka amince da shi, a nan ko a waje, kuma idan wani ɗakin gwaji ya ce zai yi wa Baba, to lambobi zai ba ku waɗanda babu likitan da zai iya gina shawara a kansu.

Likitan Ƙoda ya amsa:

'Yata, na karanta saƙonki sau biyu, kuma zoben safar da kika ambata ya nuna mini cewa kina lura da Baba sosai. Ina roƙon ku da kada ku kashe kuɗin 'yan'uwa wajen neman maganin maikro-RNA, domin babu shi a kasuwa a ko'ina. An gwada. Wani magani mai suna lademirsen, wanda aka ƙera don ya toshe miR-21, ya yi aiki mai kyau a ɓeraye masu cutar Alport, wadda cutar ƙoda ce ta gado, amma da aka gwada shi a mutane sai aka dakatar da gwajin a 2022 saboda bai rage saurin lalacewar ƙodar ba. Kafin shi, a 2016, an dakatar da gwajin wani magani mai kwaikwayon miR-34 a masu ciwon daji saboda mummunan martanin garkuwar jiki da ya jawo rasa rayuka. Ban faɗi haka don in rage darajar fannin ba, ina ma fata ki zama cikin waɗanda za su warware shi, kuma ƙoda tana da wata dama da wasu gaɓoɓi ba su da ita, domin irin waɗannan gajerun zarurruka idan aka yi allurarsu a ƙoda da hanta suke taruwa. Matsalar ita ce sun fi shiga ƙwayoyin bututu, alhali fodosayit da mesanjiyal ne ake so a kai wa.

Abin da Baba yake buƙata yana nan kusa. Ki nemo takardar sakamakonsa ki duba lambobi biyu. Ta farko ita ce yawan albumin, wato furotin ɗin da yake zuba, a kan kiriyatinin, wato wani datti da ƙoda take fitarwa, a fitsari, inda ƙasa da 30 yake lafiya, 30 zuwa 300 ya nuna an fara zuba, sama da 300 kuma zubar ta yi yawa, kuma ana maimaita awon cikin wata uku kafin a yanke hukunci domin zazzaɓi ko ciwon mafitsara suna iya ɗaga shi. Ta biyu ita ce ƙiyasin ƙarfin tacewa da ake lissafawa daga kiriyatinin na jini. Wannan awon fitsari ya kamata a yi wa duk mai ciwon sukari nau'i na biyu tun ranar da aka gano ciwon, sannan a riƙa maimaita shi kowace shekara, kuma kina da gaskiya da kika ji ciwon rashin yin sa, domin yana nuna zubar shekaru kafin ido ya ga kumfa.

Magungunan da suke rage saurin cutar kuwa an gwada su a kan dubban mutane. Dangin lisinopril da na losartan, waɗanda magungunan hawan jini ne, suna rage matsin da ke cikin gulomerulus, kuma suna rage sinadarin anjiyotensin mai matse jijiyoyin jini ko su toshe aikinsa, wanda shi ma yana tayar da TGF-beta ɗin da Malam ya yi bayani, ke nan suna taɓa sarƙar ne daga sama. An tabbatar da amfanin losartan da irbesartan a 2001. A 2019 gwajin CREDENCE ya nuna cewa canagliflozin, daga dangin magungunan da suke sa a fitar da sukari ta fitsari, ya rage haɗarin gazawar ƙoda da mutuwa daga ciwon ƙoda ko zuciya da kusan kashi 30 cikin ɗari, sannan dapagliflozin da empagliflozin suka biyo baya da irin wannan sakamako. Akwai finerenone da semaglutide ma, sai dai tsadarsu tana hana yawancin marasa lafiyata kaiwa gare su. Likitansa ne zai zaɓa bayan ya duba fotasiyam da kiriyatinin, shi ne kuma zai ce, idan Baba yana shan maganin sukari na metformin, ko adadinsa yana buƙatar ragi, kuma idan watan azumi ya gabato a koma a tattauna da shi tun da wuri.

A gida kuma ku duba ɗakin Baba da kyau. Yawancin dattawan da nake gani suna da diclofenac ko ibuprofen a aljihu saboda ciwon gwiwa, ko wata gora ta jiƙo da wani masoyi ya kawo don maganin sukari, kuma babu wanda ya san abin da yake ciki. Ƙodar da rariyarta ta yage ba ta jure waɗannan. A rage gishiri da dunƙulen miya, a sami na'urar awon hawan jini a riƙa rubutawa a littafi. Ina kuma so a duba bayan idonsa, domin idan sukari ne ya taɓa ƙoda galibi akan ga sawunsa a jijiyoyin ido, idan kuma ido ya fito fes to sai mu faɗaɗa tunani, saboda ba duk ciwon ƙodar mai sukari ne sukari ya kawo shi ba. A Afirka ta Yamma musamman akwai sauye-sauyen ƙwayar gado ta APOL1 da suke ƙara haɗarin ciwon ƙoda, kuma wani babban bincike da aka yi a Najeriya da Gana aka wallafa a 2024 ya tabbatar da yawansu a tsakanin mutanenmu.

Ɗalibar Kimiyya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Likita, na ɗauko takardar kamar yadda ka ce, albumin ɗin 410 ne, ƙarfin tacewa kuma 58, kuma ba a taɓa duba masa bayan ido ba. Da na shiga ɗakinsa jiya na tarar da katin diclofenac biyu a cikin aljihun babbar rigarsa, ɗaya saura ƙwaya uku, ya ce tun sanyin bara yake sha idan gwiwa ta matsa masa kafin sallar asuba. Na ba Yaya su ya ajiye, kuma ranar Alhamis za mu koma asibiti da littafin awon hawan jinin da muka fara rubutawa. Anti mai bincike, maganar miR-192 da ya ƙaru a wata ƙwaya ya ragu a wata ta hana ni barci, kuma ina tunanin in ɗauke ta a matsayin aikina na kammala karatu, idan za ki amince in riƙa tuntuɓarki.

Mai Bincike a Ɗakin Gwaji ta amsa:

Na amince, ƙanwata. Ki fara da karanta aikin 2007 da na 2010 a jere, ki ja layi a takarda ki rubuta irin ƙwayar da kowanne ya yi amfani da ita, da awa nawa aka bar ta cikin sukari ko TGF-beta kafin a auna, da kuma matakin cutar a ɓeran ko a mutumin. Idan kin gama ki turo mini teburin, sai mu ga ko ɗakin gwajin sashenku yana da na'urar da za ta iya auna ko da guda ɗaya daga fitsari. Ki gaishe mini da Baba, kuma ranar Alhamis ki tambayi likitan abin da zai riƙa sha don gwiwar a maimakon wancan, domin idan ba a ba shi madadi ba zai koma kemis ya sayo wani.